Jinina ya sauka, shin zan iya ajiye maganin hawan jini?

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Shekaruna 54, kuma bara aka auna ni a asibiti aka samu jinina ya kai 168/102, aka ɗora ni a kan amlodipine, ƙwaya ɗaya kullum da safe. Yanzu awon yana tsayawa a wajen 130/80. Maƙwabciyata ta ce wanda ya saba da maganin asibiti ya zama bawansa, gara in ajiye shi in rage gishiri, in koma shan zoɓo da tafarnuwa. Mene ne shawararka? Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya, Allah ya ƙara lafiya. Kada ki ajiye maganin nan da kanki. Awon da kike gani yanzu aikin ƙwayar ne, domin amlodipine tana sassauta jijiyoyin jini ne muddin tana cikin jiki, idan kuwa aka daina ta, cikin 'yan kwanaki ko makonni jinin zai iya komawa inda yake ba tare da kin ji ko da ciwon kai ba. Sau da yawa sai ɓarin jiki ya shanye ko ƙoda ta taɓu sannan iyali su gane cewa jinin ya daɗe a sama.

Amma maƙwabciyarki ta yi gaskiya a batun gishiri, kuma a nan ne nake so ki fi mayar da hankali. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya kai giram 5 na gishiri a yini, wato kimanin ƙaramin cokalin shayi ɗaya. Matsalar ita ce matan gidajenmu sukan rage wanda suke barbaɗawa da hannu, sannan su murmushe dunƙulen magi huɗu ko biyar a tukunyar miyar kuka, alhali mafi yawan abin da ke cikin dunƙulen nan gishiri ne. Ga kanwa, ga yajin tsire da kilishi, duk lissafi ɗaya ne. Ki rage su sannu a hankali, ki ƙara daddawa da citta da albasa, za ki ga harshe ya saba cikin makonni kaɗan, ko da Maigida zai ɗan yi mita da farko.

Sai tafiya da sauri ta minti 30, kwana biyar a mako, da rage ƙiba idan akwai. Ki kuma guji sayen diclofenac ko ibuprofen a kyamis saboda ciwon gwiwa, domin suna ɗaga jini. Zoɓo kuwa, an ga yana ɗan rage awo ga wasu, sai dai bai kai ya maye gurbin magani ga wadda ta taɓa kai 168/102 ba, balle irin wanda ake cika wa sukari.

Idan kin ɗore a kan waɗannan, ki riƙa rubuta awonki da kwanan wata a ɗan littafi, ki kai wa likitanki bayan wata uku. Akwai waɗanda ake rage wa ƙwaya ta wannan hanyar, akwai kuma waɗanda gado da shekaru ke sa su ci gaba da sha duk da ƙoƙarinsu. Idan kin ga ƙafafunki suna kumbura, wanda amlodipine takan jawo, ki faɗa masa a wannan zuwan domin ya duba ko zai canza miki wani.