Me ya sa kurar mai ruwa take tsayawa idan ya daina turawa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina aji biyu a ƙaramar sakandare a Birnin Kebbi. An koya mana cewa abin da ke tafiya ba zai tsaya ba sai wani ƙarfi ya tsayar da shi. To ga mai ruwan unguwarmu, da ya saki kurarsa sai ta tsaya, ba wanda ya tare ta. Ina ƙarfin yake?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yata. Akwai abin da ya tare ta, ido ne ba ya ganinsa. Sunansa gogayya: tayoyi na gugar ƙasa, ƙarfen da taya ke juyawa a kai shi ma yana guga, kuma gogayya kullum tana ja ne kishiyar inda abu ya nufa. Dokar da aka koya muku ta Niyuton ce, masanin Ingila, ita ce ta farko cikin uku da ya wallafa a 1687, kuma ba ta yi ƙarya ba. Aikin ƙarfi shi ne ya canza tafiya: ya tayar da abu, ya ƙara masa gudu, ya rage, ko ya karkatar da shi.

Mu sa lissafi. A ce kurar na ɗauke da jarka 10 masu lita 25. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, ruwan ya zama kilo 250. Ƙara kilo 50 na kurar da jarkokin, kilo 300 ke nan. Mai ruwa ya tura da ƙarfin niyuton 200 (niyuton shi ne ma'aunin ƙarfi), gogayya ta ci 140, saura 60. Wannan ragowar ita ake rabawa da kilo 300, a sami 0.2. Wato kowane sakan gudun kurar na ƙaruwa da mita 0.2 a sakan. Bayan sakan 5 tana cin mita ɗaya a sakan, kusan tafiyar mutum.

Daga nan ki lura da shi: ya daina nishi, ya ɗan miƙe. Ya rage turawa zuwa 140, daidai da gogayya, ragowar ta zama sifili, amma kurar ba ta tsaya ba, tana tafiya da gudunta ba ƙari ba ragi. Nan ɗalibai da yawa ke tuntuɓe, suna zaton sifili na nufin tsayawa. Sai ya saki gaba ɗaya ne gogayya ke zama ita kaɗai, cikin sakan biyu da ɗan abu ta cinye gudun. Idan taya ta yi sanyi ko aka shiga yashi, gogayyar kan ƙaru daga 140 ɗin nan har ta haura abin da zai iya turawa, shi ya sa za ki ga yana neman yara su kama masa.

A kan kabu-kabu ma haka ne. Direba ya taka birki, babur ya tsaya, jikinki kuwa ba abin da ya taka masa birki, sai ki ji kin faɗa bayan direban.

Ki gwada a gida: ki jingina katako a kan bulo ɗaya, ki saki gwangwanin madara da ba a fasa ba daga wuri guda, ya gangara kan siminti, sannan tabarma, sannan yashi, ki auna nisan da taku. Kada ki tura shi da hannu, ƙarfin hannu ba ya zuwa daidai sau biyu, awon zai lalace. A jarrabawa kuma ki cire gogayya kafin ki raba, wanda ya raba 200 da 300 ya rasa makin.