Ganye, leda ko tekawe? Amsoshin tambayoyinku a kan mazubi

Tambayoyin da na zaɓo a wannan makon duk a kan abin da ake zuba kaya ko a ƙunshe su da shi ne. Na taƙaita wasiƙun saboda wuri.

Tambaya: Ina sayar da waakye, wato shinkafa da wake, a Nima, Accra, kuma farin tekawe na soso nake zuba wa masu tafiya da shi. Na ji an ce gwamnati za ta hana shi. Wani dillali ya kawo mini na takarda, amma ya fi tsada, ganye kuma yana wahala da rani. Me zan yi?

Amsa: Hajiya, abin da kika ji ba jita-jita ba ne. Ran 5 ga Yuni 2025, ranar muhalli ta duniya, Shugaban Ghana John Dramani Mahama ya bayyana aniyar gwamnati ta hana shigo da wannan soso da kuma ƙera shi a cikin gida. Legas ta riga mu, tun Janairun 2024 ta hana. Saboda haka shawara ta farko, kada ki yarda wani ya ruɗe ki da ragi ki cika ɗaki da katan-katan na tekawe. Ki riƙa sayen na mako-mako, kina gwada wani abu a gefe.

Ko ba doka, ni ba na ganin alherinsa. Ki juya shi ki duba gindinsa, sau da yawa za ki ga lamba 6 a cikin 'yar alama mai kusurwa uku. Mafi yawan jikinsa iska ce. Matan da ke tsintar roba a unguwa a kilo ake sayen kayansu, kuma buhu guda cike da tekawe ba ya motsa sikeli, ga maiƙon shito, miyar barkonon nan, ya riga ya ɓata shi. Shi ya sa za ki ga mai tsinta ta ɗauki ledar fiya wata ta tsallake tekawe. Daga nan sai kwata, kwata ta kai shi kogin Odaw, ya wuce tafkin Korle. Duk wanda yake Accra ran 3 ga Yuni 2015 bai manta ambaliyar da ta haɗu da gobarar gidan mai a Circle ba, wadda ta ci rayuka fiye da 150, kuma toshewar magudanan ruwa na cikin abubuwan da suka tsananta abin. Ban da haka, mai da ya fito daga wuta yana lotsa shi, kuma ba a sa shi a na'urar ɗumama abinci, abin da ma'aikatan ofis da yawa suke yi da rana.

Na takardar da aka kawo miki, kafin ki biya ki karɓi guda biyu. Ki yaga ɗaya a hankali. In kin ga wata fata mai sheƙi tana miƙewa kafin ta tsinke, to leda ce aka shimfiɗa masa a ciki. Irin wannan ba ya ruɓewa duka, masu narka roba ba sa saye, masu sarrafa takarda ma ba sa so. Tsugune ba ta ƙare ba ke nan, an sayar da kare an sayi biri. Ɗayan kuma ki zuba masa waakye da miya da zafinsu, ki rufe, ki bar shi rabin awa a kan tebur, sannan ki ɗaga ki ga gindinsa. Akwai wani iri da ake yi da tuƙar rake, bayan an matse ruwan. Yana da ɗan kaushi a hannu, ba ya sheƙi, yana jure zafi, kuma ya fi na takardar saurin ruɓewa. In kuɗinsa bai fi ƙarfinki ba, shi zan zaɓa.

Amma da ni nake bayan tukunyar nan, ba zan nemi abu guda da zai maye gurbin tekawe ba, domin masu sayenki ba iri ɗaya ba ne. Wanda zai ci a nan, faranti ya ishe shi. 'Yan unguwa, yaran da ake aikowa da safe, ki saba musu da zuwa da kwano ko kula. Ki ɗan ƙara wa mai kwano gari ko taliya, kuɗin tekawen da kika huta saye ne kika mayar masa, kuma labari zai zaga layi da kansa. Sauran kuwa ganye. Faffaɗan ganyen nan na kurmi, wanda Yarabawa ke ƙunsa alale da shi, har yanzu babu masana'antar da ta yi wanda ya fi shi dacewa da waakye: ba ya yoyon maiƙo, zafi yana fito da ƙamshinsa, in an yar kuma ƙasa ta cinye.  Ki wanke shi da ruwa mai tsabta, ki goge da ƙyalle na musamman, ragowar ki ajiye a inuwa ki lulluɓa da jiƙaƙƙen buhu. Matsalar rani kuwa maganinta ki riƙe mai kawo miki guda ɗaya duk shekara, kada ki guje ta da damina don kin sami mai araha. Wadda kika riƙe da damina ita za ta tuna da ke in ya yi wuya.

Abu ɗaya da ke ba ni haushi: a ƙunsa a ganye, a sa a farar leda, a sake sawa a baƙa. Leda ɗaya ta isa.

Inda ganye ya gaza shi ne saƙon babur, in da miya mai ruwa. Nan ki nemi roba mai murfi mai lamba 5. Tana jure zafi, ana wanke ta a ci gaba da amfani da ita a gida, in ta fashe kuma akwai mai saye. Ki sa kuɗinta a kan mai oda, ba zai ƙi ba.

Tambaya: Ina da shagon kayan masarufi a Aboabo, Kumasi. A Kejetia an nuna mini leda mai hoton koren ganye, aka ce tana ruɓewa da kanta. Ta fi ta kullum kuɗi kaɗan. In saya?

Amsa: Ɗan'uwa, hoton ganye kowa yana iya bugawa. Karanta ƙananan rubutun da ke ƙasa. In ka ga an rubuta "oxo", to ledar da ka sani ce, daga man fetur, sai dai an zuba mata wani sinadari da ke sa ta farfashe in ta sha rana da iska. Farfashewa daban, ruɓewa daban. Takan zama ɓurɓushi ne da ido ba ya gani sosai, ya shiga ƙasa da ruwa, kuma in ta nutse a cikin laka ko aka binne ta a bola inda babu rana, ko farfashewar ba ta yi da wuri. A 2015 gwamnatinmu ta umarci masu yin leda su riƙa sa wannan sinadari, da kyakkyawar niyya, amma ka leƙa kwatar bayan shagonka ka ga ko ta ragu. Tarayyar Turai kuwa haramta irin wannan leda ta yi daga 2021, saboda ɓurɓushin nan.

Akwai iri na biyu, wadda ake rubuta wa "compostable", da ake yi da sitacin masara ko rogo. Wannan da gaske daga tsiro take. Sai dai da yawa daga cikinsu ba sa ruɓewa sai a masana'antar takin zamani inda zafi ke kaiwa wajen digiri 58 na tsawon makonni, kuma ledar da ka ba mai sayen sukari ba can za ta ba. In kuma ta shiga buhun mai tsinta ta gauraya da ledar gaske, sai ta ɓata musu narki.

Don haka kada ka ƙara ko pesewa ɗaya saboda hoton ganye. Ribarka tana wajen rage yawan da kake bayarwa. Mutum ya sayi ashana ɗaya, hannunka ya riga ya kai ga leda kafin ya tambaya. Ka fara tambaya: "A sa a leda?" Za ka yi mamakin yawan masu cewa a bari. Buhunan shinkafa da suka ƙare a shagonka kuma, ka kai wa tela ya sa musu hannu, ka sayar ko ka ba manyan kwastomominka.

Tambaya: Ina gasa tsire da dare a Sabon Zango. Tsohuwar jarida da takardar siminti nake ƙunshi da su. Ai takarda ce, ta fi leda, ko?

Amsa: Malam, ga kwata ta fi leda, ga cikin mai ci kuwa a'a. Tawadar jarida tana ɗauke da mai da sinadaran da ba na ci ba, kuma maiƙo mai zafi shi ne ya fi jawo su. Ka duba yadda rubutu ke fitowa a jikin albasa. Takardar siminti kuwa ko ka ɓare fallen ciki, a cikin ƙurar siminti ta kwana. Ka sayi takarda ruwan ƙasa marar rubutu wadda aka yi don abinci, a dunƙule take zuwa, ka yanka da kanka. Masu ƙosai da masa, amsar ku ke nan ku ma.

Tambaya: Ina yin sobolo (zoɓo) da burkina (gero da madara) da shito a gida a Madina, ina so in fara kaiwa manyan shaguna. Yanzu tsofaffin gorunan ruwa nake saye in wanke. Mai buga takarda kuma ya ba ni shawarar jaka mai sheƙi mai tsayawa da kanta don shito. Wanne ya fi?

Amsa: 'Yar'uwa, tsofaffin gorunan ki bar su daga yau. Ba ki san abin da aka zuba a ciki bayan ruwa ba, wani kananzir, wani maganin ƙwari. Kuma robar gora, mai lamba 1, tana fara laushi tun zafi bai wuce digiri 70 da yawa ba, wato ba za ki iya tafasa ta ki kashe ƙwayoyin cuta ba. Burkina kuwa madara ce, ba ta yafiya. Manyan shaguna za su nemi rajistar hukumar abinci da magunguna, FDA, kuma mazubi na cikin abin da ake dubawa. Ki sayi sababbi daga masu hura gora, ki bar sobolo ya huce kafin ki ɗura.

Tun da yanzu za ki tsara kayanki, ga abin da manyan masana'antun mazubi a duniya suke ta fama su gyara bayan sun ɓata, ke kuma kina iya farawa da shi daidai: a yi mazubi da abu iri ɗaya, yadda in ya ƙare aiki za a iya mai da shi wani abu. Ki zaɓi gora fara tas, wadda ake ganin ciki, domin ita masu narkawa suka fi so. Mai launi kasuwarta ƙarama ce, kuma jan sobolo shi ne adonsa, ba ya buƙatar koriyar gora. Takardar suna ta zama ƙarama mai saurin ɓarewa, ba rigar leda mai rufe gora daga wuya har gindi ba.

Jakar nan mai sheƙi tana da kyau a kan kanta, ban musa ba, kuma ba ta da nauyi a mota. Amma falle-falle ce aka manne, leda iri biyu ko uku, wani lokaci da siririn alminiyam a tsakiya, irin ta madarar gari da tumatirin leda. Babu mai iya raba su a nan, don haka babu mai saye. Shito kwalba yake so. Kwalba ana tafasa ta, mai ba ya cin ta, murfi kawai za ki riƙa sabuntawa. Ga kwastomomin unguwa ki yi abin da masu lemon kwalba suka daɗe suna yi da kiret: ki ɗora ɗan kuɗin ajiya a kan kwalba, wanda ya dawo da ita ya karɓi abinsa ko a rage masa a sabon saye. Nauyi da fashewa su ne aibinta, saboda haka in za ki aika Tamale ko Kumasi, roba mai lamba 5 ta fi.

Kafin ki ba mai buga takarda ko sidi ɗaya, ki ɗauki samfurin kowane mazubi ki kai wa masu sayen roba a kilo da ke kusa da kasuwar Madina, ki tambaye su wanne za su saya, nawa kuma. Amsarsu ta fi duk abin da aka rubuta a jikin katan.

Tambaya: Kwamitin masallacinmu a Mamobi yana raba ruwa lokacin buɗa-baki da walima. Bayan an watse, harabar takan cika da ledar fiya wata. Mu koma ruwan gora?

Amsa: Malamai, gora za ta ninka muku kuɗi, kuma roba ta fi yawa a jikinta in aka auna da ruwan da ta ɗauka. Jakar fiya wata guda 30 ce, kowace rabin lita, lita 15 ke nan. Babbar gorar nan ta kan na'ura, wadda ake mayarwa kamfani a sake cikawa, ta fi haka ɗauka, kuma ba ta barin komai a ƙasa. In kuna da matasan da za su tsaya kan wanke kofuna da sabulu, ita ce zaɓi na farko ga sahun da ke zaune a ciki.

Ga taron waje kuwa ku ci gaba da fiya wata, domin ledarta na cikin 'yan kaɗan da ke da kasuwa a garin nan. Ana narka ta a yi wasu kayan roba, kamfanin Nelplast yana haɗa tarkacen roba da yashi ya yi bulon daɓe, Trashy Bags kuma jakunkuna suke ɗinkawa da ita. Sharaɗin shi ne ta zo a bushe, ba ta gauraya da ƙwallon dabino da ragowar koko ba. Ku rataye buhu biyu a kowace ƙofa, ɗaya na ledar ruwa kaɗai, ladan ya faɗa sau ɗaya kafin a kira salla, ku kuma yi magana da mai tsinta guda ɗaya ta riƙa zuwa ɗauka bayan isha'i.