Yadda kuku ya zama maigida: tarihin gidan abincin Paul Bocuse

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni kuku ne a wani otal a Yamai. Shugaban kicin ɗinmu ba ya rabuwa da ambaton wani Bafaranshe wai shi Paul Bocuse, yana cewa gidan abincinsa ya fi shekara hamsin yana sahun gaba. Mu a nan mai kuɗi ke da gida, kuku ɗan aiki ne, baƙi ko sunansa ba su sani ba. Ta yaya wannan mutum ya mallaki nasa? Kuma da gaske ne an rage wa gidan daraja bayan mutuwarsa?

Amsa: Barka kadai, ɗan'uwa. Abin da ka faɗa game da kuku a wurinku, haka yake a Faransa ma kafin zamanin su Bocuse. A manyan otal-otal na Faris kicin yana can ƙasa ko bayan gida, cikin zafi da hayaƙin gawayi, baƙo kuwa mai otal da shugaban masu kai abinci kaɗai yake gani. Bocuse yana cikin waɗanda suka sauya wannan, kuma shi ya fi kowa yin amo a kai.

Gidan yana Collonges-au-Mont-d'Or, wani ƙaramin gari a bakin kogin Saône, 'yan kilomitoci arewa da birnin Liyon. Sunansa na asali L'Auberge du Pont de Collonges, saboda gadar da ke kusa da shi. A wannan gida aka haifi Paul ranar 11 ga Fabrairu, 1926. Girki gadon gidansu ne, tun ƙarni na 18 danginsa ke ciyar da mutane a bakin kogin. Sai dai akwai wani tabo: a 1921 kakansa Joseph ya sayar da gidan abincin iyali, ya haɗa har da sunan. Ka ji fa, har da sunan. Don haka mahaifin Paul, Georges, da ya zo riƙe nasa wurin, masaukin iyayen matarsa ya riƙa, kuma ba shi da ikon rubuta Bocuse a ƙofa, alhali sunansa ne na haihuwa. In ka riƙe wannan a ranka za ka gane dalilin da daga baya ɗansa ya kafa sunan da manyan haruffa a kan rufin gidan.

Paul ya fara koyon aiki a Liyon a 1942, tsakiyar yaƙin duniya na biyu, lokacin da nama da man shanu sai ta bayan fage ake samu. A 1944 ya shiga soja, aka harbe shi a yankin Alsace, sojojin Amurka suka yi jinyarsa. Da yaƙi ya ƙare sai ya tafi wurin Eugénie Brazier, matar da a 1933 ta riƙe taurari shida na Michelin a gidajenta biyu. A gidanta na kan dutse, Col de la Luère, ɗan koyo ba tukunya kawai yake tsare ba: yana tatsar shanu, yana faskare, yana wanki da guga, yana kula da lambu. Daga nan ya yi shekaru a La Pyramide da ke garin Vienne, wajen Fernand Point. A ganina nan ne aka ƙera shi. Point kuku ne kuma shi ke da gidan, yana fitowa zaure ya gaisa da baƙi, kuma ƙa'idarsa ita ce kowace safiya a faro girki daga tushe da abin da kasuwa ta bayar a ranar.

Bari in yi maka bayanin taurarin a taƙaice. Michelin kamfanin tayar mota ne. A 1900 ya fara buga littafin jagora don masu mota su riƙa tafiye-tafiye, tayoyi su cinye, a sayi sababbi. Daga baya ya shiga ba gidajen abinci tauraro ɗaya zuwa uku. Masu duba masa suna zuwa ne a ɓoye, su ci, su biya kuɗinsu kamar kowa. Uku shi ne ƙarshe, ma'anarsa wurin ya isa mutum ya yi tafiya takanas dominsa.

A shekarun 1950 Paul ya koma wurin mahaifinsa, kuma a 1958 suka sami tauraro na farko, a lokacin da takarda ake shimfiɗawa a kan tebur maimakon ƙyalle, cokulan ma na ƙarfe ne na gama-gari. Abincin kaɗai ya ja musu. Georges ya mutu a shekara mai bi, gida ya dawo hannun Paul. A 1961 ya ci gasar Meilleur Ouvrier de France, wadda ƙasar ke shirya wa gwanayen masu sana'ar hannu. Wanda ya ci ta shi ke da ikon sa riga mai wuya shuɗi da fari da ja, kuma Bocuse ya fi alfahari da wannan wuyan riga a kan yawancin lambobin da ya samu. Tauraro na biyu ya biyo baya, na uku ya zo a 1965. Shekara ɗaya bayan haka ya sayo sunan kakansa.

To, yaya aka yi ya zama maigida? Kada a ruɗe ka, bai fara daga babu ba. Ya gaji gini da murhu da abokan ciniki. Abin da ya ƙara shi ne ya gane cewa sunan kuku ma haja ne. Ya shiga talabijin da doguwar farar hularsa, ya rubuta littattafai, ya yi ta zuwa Japan, a 1982 ya buɗe wuri a Epcot, wani wurin shaƙatawa na Disney da ke Amurka, tare da abokan sana'arsa Roger Vergé da Gaston Lenôtre. A 1987 ya kafa gasar Bocuse d'Or da ake yi a Liyon duk bayan shekara biyu, a 1990 aka buɗe makarantar girki a Écully wadda daga baya aka sa mata sunansa, daga 1994 kuma ya shiga buɗe gidajen abinci masu sauƙin farashi a Liyon: Le Nord, Le Sud, L'Est, L'Ouest. Dalilin a fili yake ga duk wanda ya san lissafin kicin. Gida mai taurari uku yana cin ma'aikata da yawa da kaya masu tsada, ribarsa ba ta kai sunansa ba. Shi ke jawo suna, sauran harkokin su kawo kuɗi. An sha ruwaito cewa da aka tambaye shi wa ke girki in ya yi tafiya, sai ya ce waɗanda ke yi in yana nan.

Tunda kai ma'abocin tukunya ne, ga abin da ya fi shahara a gidan. A Fabrairun 1975 shugaban ƙasa Valéry Giscard d'Estaing ya ba shi lambar Légion d'honneur, shi kuma ya yi wa liyafar wata miya da har yau ake kira VGE, wato haruffan farko na sunan shugaban. Romo ne da yankakken kayan lambu da hantar agwagwa da baƙin turuf, wani dangin laimar kwaɗi mai ɗan karen tsada da ke girma a ƙarƙashin ƙasa, karnuka ke shinshino shi. Ana zuba romon a ƙaramin kwano, a rufe bakin da kwaɓin fulawa mai man shanu, a sa a tanda. Murfin ya kumbura ya yi ja, ya tsare ƙamshin a ciki. Baƙo da kansa zai fasa shi da cokali, tururin ya bugi fuskarsa. Akwai kuma kifin teku da ake naɗewa da irin wannan kwaɓin, a zana masa ɓawo da ido kamar mai rai. In kana son kwaikwayo, ka sani ana ɗiga giya a romon miyar, shahararriyar kazar Bresse ta gidan kuwa a cikin mafitsarar alade ake dafa ta. Dabarar rufe kwanon dai ba ta buƙatar ko ɗaya daga cikinsu.

Za ka ji ana danganta shi da sabon salon girki na shekarun 1970, wanda 'yan jarida Gault da Millau suka yayata, mai rage nauyin miya da gajarta dahuwa. Ya amfana da sunan, amma daga baya ya riƙa yi wa salon ba'a, yana cewa faranti babu komai, takardar biya kuwa cike. Shi mutumin man shanu ne da kirim.

Batun rage daraja kuwa gaskiya ne. Ya mutu ranar 20 ga Janairu, 2018, yana da shekara 91, a ɗakin da aka haife shi a saman gidan abincin. A Janairun 2020 Michelin ta cire tauraro ɗaya, bayan shekara 55 ana riƙe da uku ba yankewa. Hujjarta ita ce abincin yana nan da kyau ƙwarai, amma bai kai na taurari uku ba. Faransawa da yawa sun fusata, suna ganin an jira mutum ya kwanta dama ne aka taɓa gidansa. Ni ina ganin kowane ɓangare yana da abin kamawa. Tun yana raye masu sharhi ke cewa jerin abincin ya tsaya cak tun shekarun 1970, kwarjininsa ne ya hana a taɓa shi. Amma kuma wanda ya ɗauki hanya zuwa Collonges ba sabon abu ya je nema ba, miyar VGE ya je sha yadda aka yi ta a 1975.

Gidan yana aiki har yanzu a hannun iyalinsa, ciki har da ɗansa Jérôme Bocuse, kicin kuma a hannun kukun da suka tashi a ƙarƙashinsa, masu irin wancan wuyan riga mai launi uku. Daga 2020 taurari biyu yake da su.