Doke farfelar jirgin ruwa don ƙarin gudu: amsa ga wani ɗan kasuwar Maradi

Wani Alhaji mai sayar da hatsi a babbar kasuwar Maradi ya aiko mini da tambaya. Ya ce bayan rufe gadar kogin Isa (wato kogin Neja) da ta haɗa Gaya ta Nijar da Malanbil ta Benin a shekarar 2023, lokacin da ƙetarewar mutane da kaya ta koma kan jirage, ya sayi jirgin katako da injin Yamaha mai ƙarfin doki 40, ya damƙa wa wani matuƙi a Gaya. Yanzu matuƙin yana neman izini ya kai farfela wurin mai walda, a doddoke fikafikanta a ƙara musu karkata, a kankare su a rage musu kauri, wai jirgin zai ƙara gudu, shan mai ya ragu, sawu ya ƙaru. Alhaji yana so ya san ko abin zai biya.

Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Shawarata ita ce kada ka ba da wannan izini, ko da yake damuwar matuƙin naka tana da tushe, kuma akwai hanyar biyan buƙatarsa ba tare da an taɓa ƙarfen da guduma ba.

Ka sa ya duba jikin farfelar, zai ga lambobi biyu, misali 11 1/8 x 13. Ta farko faɗinta ce a ma'aunin inci, ta biyu kuwa takunta, wato nisan da ya kamata ta tura jirgi a juyi guda. Taku kamar giyar mota yake. Kai da ka saba loda buhunan gero ka san yadda babbar mota ke nishi idan direba ya nufi hawa da ita a babbar giya, haka injin jirgi yake wahala idan takun farfela ya fi ƙarfin lodinsa. Irin injinka an ƙera shi ya juya tsakanin sau 4,500 zuwa 5,500 a minti idan an buɗe masa wuta duka, kuma kowane inci guda da aka ƙara wa taku yana rage wannan juyi da kimanin 150 zuwa 200. Saboda haka ƙarin karkatar da mai walda zai yi yana iya jefa injin ƙasa da ma'auninsa, ya yi zafi, ya ƙona mai, jirgi mai nauyin kaya kuma ya ƙi tashi.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne ƙarfen kansa. Farfelar da ke zuwa da waɗannan injuna yawanci ta alminiyon ce ta zubi, ƴar uwar tukwanen da maƙera ke zubawa a nan garin, kuma duk wanda ya taɓa ƙoƙarin miƙe kunnen irin wannan tukunya da guduma ya san ba ta jure lanƙwasa, tsagewa take yi. Tsagar farko ba ta fi silin gashi ba, tana ɓoyewa a gindin fiffike inda ya haɗu da cibiya, sai mutum ya bi wurin da farce zai ji ta. Farfela kuwa tana juyawa fiye da sau 2,000 a minti, kowane juyi yana ɗan tanƙwara fiffiken ya sake shi, kamar yadda ake karya waya da yawan lanƙwasawa gaba da baya. Idan an kankare kaurin, naman da zai ɗauki wannan wahala ya ragu, tsagar ta yi ta tafiya har ranar da fiffiken zai fita, kuma yakan fita ne lokacin da aka matsa wa inji da cikakken lodi a tsakiyar kogi. Tun kafin nan ma, fikafikan da aka gyara da ido ba sa zuwa daidai da juna, sai girgiza ta cinye robar da ke tare ruwa a bakin sandar farfela, ruwa ya shiga man giya ya mayar da shi fari kamar nono. Kuɗin gyaran akwatin giya ya ninka na farfela sau da yawa, ga kuma rayukan da ke cikin jirgin, waɗanda amanarsu tana wuyanka ko kana zaune a Maradi.

Gaskiya ne a wasu ƙasashe akwai ƙwararru masu wannan aiki da ma'auni na musamman, kuma masu tseren jirage sukan sa a rage kaurin fikafikai. Sai dai su sun yarda tun farko cewa farfelar ba za ta daɗe ba, jirginsu kuma marar nauyi ne da ke sulɓi a saman ruwa. Naka jirgin yana keta ruwa ne da ƙirji, gudunsa ya fi dogara ga tsawonsa da lodinsa.

Mu auna da kuɗi. A ce jirgin yana shan lita 20 a yini, mu sa lita a kan sefa 500 don sauƙin lissafi, jika goma ke nan. Ko da gyaran ya rage kashi ɗaya cikin goma, abin da ba na tsammani, ribarka jika guda ce a yini. Ɗora wannan a kan mako guda da jirgi zai yi a ɗaure ana neman kayan gyara, babu shiga, ga kuɗin makaniki. Ka kuma lura cewa idan rabon matuƙi ya dogara ga yawan sawu, ribar gudu tasa ce nan take, ɓarnar inji kuwa a kanka za ta faɗa bayan watanni. Wannan ba zargi ba ne a kansa, yarjejeniyarku ce take buƙatar gyara, har ya zama yana da wani kaso idan inji ya kai ƙarshen shekara lafiya.

Ga abin da ya cancanci kuɗinka. Ka sayi ƴar na'urar auna juyin inji, wadda ake naɗa wayarta a jikin wayar fulogi, a gwada jirgin da lodin da ya saba ɗauka. Idan juyin bai kai 4,500 ba, ƙaramin taku jirgin yake buƙata, kamar farfela mai taku 11, akasin abin da matuƙin ya nema. Sai mai taku 13 ta zama ta ajiya a cikin jirgi tare da noti da fil. Idan an kwaɗaita maka farfelar farin ƙarfe marar tsatsa, ka tuna da kogin Isa daga Afrilu zuwa Yuni, sa'ad da ruwa ke janyewa, rairayi da duwatsu su matso sama. A irin wannan ruwa ta alminiyon takan lotse ta ɗauke wa giya bugun, mai tauri kuwa takan miƙa shi ciki.

Ƙananan ɓantarewa a bakin fiffike ana iya sassabe su da magagari a hankali, wannan ba laifi. Duk ƙarshen wata a cire farfela a wanke, a shafa mata kananzir, a goge tas, a barbaɗa garin alli a gindin kowane fiffike, domin inda akwai tsaga kananzir zai tsattsafo ya zana baƙin layi a kan farin allin. Wadda ta nuna wannan layi a sauke ta ranar, kada a kai ta walda. Ka ba matuƙin littafi ya riƙa rubuta lita da sawu da lodin kowace rana, mako biyu da tsohuwar farfela, mako biyu da sabuwa, ya turo maka hoton shafukan ta WhatsApp, ka kawo mini mu duba tare.