Zuwa ga ƙanwata mai son karatun ƙarfen da ake dasa wa ƙashi

Assalamu alaikum ƙanwata. Saƙonki ya iso, kuma na ji daɗinsa ƙwarai. Kin ce kin kammala digirin farko a injiniyancin ƙarafa, kina son fitowa waje ki yi na biyu a kan haɗa titaniyam da wasu ƙarafa domin a dasa wa masu matsalar ƙashi da gaɓoɓi. Kin tambaye ni ko fannin yana da makoma, da abin da za ki tanada kafin ki taso. Akwai magana ɗaya a saƙon da ta tsaya mini a rai, inda kika ce burinki ki ƙera ƙarfen da ya fi kowanne ƙarfi. Daga nan zan fara, domin ni ma da wannan tunanin na shigo, kuma shi ne abu na farko da aikin ya gyara mini.

Ƙarfen da ake da shi yanzu ƙarfinsa ya isa. Damuwarmu ita ce ya cika sandarewa. Muna auna yadda abu yake ƙin lanƙwasa da ma'aunin gigafaskal. Ƙashin mutum, ɓangarensa mai tauri, yana tsakanin 10 da 30. Ƙarfen nan marar tsatsa yana kusan 200, haɗin kobal da kuromiyam ya ɗara haka. Haɗin titaniyam da aka fi amfani da shi, wato Ti-6Al-4V, mai kashi 6 na alminiyam da kashi 4 na banadiyam, yana kusan 110. Ya fi sauran kusa da ƙashi, amma da sauran tazara babba.

Me ya sa wannan tazara take hana mu barci? Domin ƙashi abu ne mai rai. Tun 1892 wani likitan tiyata Bajamushe, Julius Wolff, ya bayyana cewa ƙashi yana gina kansa gwargwadon nauyin da ake ɗora masa. In kin ba shi aiki ya yi kauri, in kin sauke masa kaya ya zaizaye. To idan aka cusa sandar ƙarfe cikin ƙashin cinya, ƙarfen da ya fi sandarewa shi ke karɓe yawancin nauyin, ƙashin da ke kewaye da shi ya zauna ba aiki. Ranar da wani likitan ƙashi ya jera mana hotunan ƙugun mutum ɗaya, na farko bayan tiyata, na biyu bayan shekaru, ban manta ba. Ƙarfen yana nan fari tas, bai ko gezau ba, amma ƙashin da ke saman cinyar ya yi shara-shara kamar tsohon mayafi. Ya sa yatsa a wurin ya ce nan ne abin yake fara girgiza, kuma tiyata ta biyu ta fi ta farko wuya, don ƙashin da za a kama ya ragu. Tun daga ranar na fahimci cewa muna neman ƙarfe ne mai sassauci, wanda zai raba kaya da ƙashi, ba tare da ya karye ba.

Za ki ce to me ya sa titaniyam? Ba shi da nauyi, kusan giram 4.5 ne a ɗan guntun da tsawonsa da faɗinsa da kaurinsa duk santimita ɗaya ne, a inda ƙarfe marar tsatsa yake kusan 8. Da ya haɗu da iska sai wata 'yar fata siririya ta rufe shi nan take, ita ke kare shi daga ruwan jiki mai gishiri. Amma babban sirrinsa wani likita ɗan Suwidin ne ya ci karo da shi, Per-Ingvar Brånemark. A 1952 yana nazarin gudanar jini a ƙashin zomo, ya dasa wata 'yar na'ura ta titaniyam, da ya zo cirewa sai ta ƙi fita, ƙashi ya manne da ita. Jiki bai ɗauke ta baƙuwa ba. A kan wannan aka gina dashen haƙori, aka kuma gina dashen ƙugu da ba ya buƙatar simintin da likitoci ke liƙa ƙarfe da ƙashi da shi.

Shi Ti-6Al-4V ba don jikin mutum aka ƙirƙiro shi ba, don jiragen sama aka yi shi a shekarun 1950, likitoci suka ara. Daga baya aka fara nuna damuwa da banadiyam, shi ya sa a Siwizalan aka fito da Ti-6Al-7Nb, aka maye gurbin banadiyam da niyobiyam. Wannan ya rage waccan damuwa, amma sandarewar tana nan. Inda bincike ya fi zafi yanzu shi ne nan: titaniyam yana da tsarin ƙwayoyi iri biyu, alfa da beta, yana juyewa daga na farko zuwa na biyu a zafin digiri 882 a ma'aunin Salshiyas. Tsarin beta ya fi sassauci. Idan kika zuba isasshen niyobiyam ko tantalam ko molibdinam, sai tsarin beta ya zauna ko bayan ƙarfen ya huce. Farfesa Mitsuo Niinomi na Japan da abokan aikinsa sun haɗa Ti-29Nb-13Ta-4.6Zr, wanda sandarewarsa ta sauko kusan gigafaskal 60. A Cibiyar Binciken Ƙarafa ta Shenyang a ƙasar Sin sun yi Ti-24Nb-4Zr-8Sn, wanda ya sauko ƙasa da haka. Waɗannan sunaye ki riƙe su, za ki yi ta cin karo da su.

Bari in nuna miki yadda yinin aiki yake. Za ki auna gutsattsarin ƙarafa a sikeli mai tsananin ƙididdiga, ki jera su cikin wani kasko na jan ƙarfe da ruwa ke sanyaya shi ta ƙasa. Ki rufe tanderu, ki zuƙe iskar ciki, ki cika da iskar argon, ki sake zuƙewa, sau da yawa. Sannan ki kunna wutar lantarki mai kama da walƙiya, kina leƙe ta baƙin gilashi. Titaniyam yana narkewa a digiri 1668, niyobiyam sai 2477, tantalam ya haura 3000, don haka sai ki ga sauran sun zama ruwa, shi tantalam yana kwance a tsakiya bai narke ba. Dole ki juya ɗan dunƙulen, wanda bai wuce girman maɓallin riga babba ba, ki sake narkawa, ki sake juyawa. Akwai lokacin da wata 'yar kafa ta buɗe a tanderunmu ba mu sani ba, iska ta shiga. Dunƙulen ya fito da launin shuɗi da ruwan ɗorawa a maimakon fari mai sheƙi, da muka matsa shi sai ya fashe kamar tangaran. Aikin mako uku ya tafi. Titaniyam mai zafi yana shan iskar oksijin, kuma kaɗan ya isa ya sa shi gautsi.

Bayan narkawa sai gogewa har ƙarfen ya zama madubi, sai a ɗiga masa wani ruwan asid don tsarinsa ya bayyana a na'urar hangen ƙananan abubuwa. Ruwan nan yana da asid ɗin haidirofulorik, wanda yake ratsa fata ya kai ga ƙashi. Ki ɗauki horon kariya da gaske, ƙanwata, kada ki taɓa yin wannan aikin ke kaɗai a ɗaki.

Abin da ke karya zuciyar sabon ɗalibi shi ne, duk abin da ka gyara sai wani ya ɓaci. Ki rage sandarewa, sau da yawa juriyar ƙarfen ta ragu. Mutum yana taka ƙafa sama da sau miliyan a shekara, shi ya sa muke danna samfur muna saki har sau miliyan 10 mu ga ko zai tsage. Sannan titaniyam ba ya jure gogayya, yana zubar da gari, don haka kan ƙugun da ke juyawa da tangaran ko kobal ake yin sa, sandar ce kawai titaniyam. Wasu sun bi ta wata hanya dabam: suna narka garin titaniyam hawa-hawa da hasken leza ko na lantarki, su gina dashe mai ƙananan ramuka kamar soso. Ramukan suna rage sandarewa, ƙashi kuma ya tsiro ya shige cikinsu. Ni a ganina nan ne ƙofar aiki ta fi buɗewa ga mai shigowa yanzu.

Gaskiyar da nake so ki taso da ita: har yau Ti-6Al-4V ne ke kan gaba a ɗakunan tiyata. Kafin sabon haɗi ya shiga jikin mutum sai ya wuce gwajin ƙwayoyin halitta, da na dabbobi, da ƙa'idoji irin su ISO 10993, sannan hukumomin lafiya su amince. Shekaru ne masu yawa. Mai yiwuwa ki gama digiri na uku ƙarfenki bai bar ɗakin gwaji ba. Ni wannan bai sa na yi nadama ba, domin abin da kika koya yana da masu nema a kamfanonin kayan asibiti da na jiragen sama, kuma na san don wa nake yi.

Game da tanadi, ki koma ki riƙe taswirar sauyin tsarin ƙarafa da zafi har ta zauna miki, da ilimin tsatsa, da yadda ake karanta tsarin ƙarfe da hasken eksire. Ki ɗan karanta yadda ƙwayoyin ƙashi ke ginawa da rushewa. Wajen zaɓe, ki duba malamin da zai kula da ke kafin sunan jami'a, ki tambaye shi kai tsaye ko suna narka ƙarfensu da kansu, ko suna aiki da likitoci, da inda ɗalibansa na baya suka tafi. Ki duba tallafin DAAD na Jamus da MEXT na gwamnatin Japan. In Ingila kika nufa, karatun gaba da digiri a kimiyyar ƙarafa yakan buƙaci takardar izini ta ATAS kafin biza, kuma tana ɗaukar makonni, kada ki bari sai lokaci ya ƙure.

Ki turo mini sakamakonki da taƙaitaccen bayanin aikinki na shekarar ƙarshe, tare da sunayen malamai uku da kika karanta bincikensu kika ji ya kwanta miki. In sha Allahu a ƙarshen mako sai mu zauna mu rubuta wasiƙar farko tare. Ki gaida mutanen gida.