Abin da Ya Hana Ni Ɗaura Tayun da Alhaji Ya Kawo

Jiya da la'asar, bayan Alhaji ya tafi, ka tambaye ni mi ya hana ni ɗaura wa tsohuwar Land Rover tasa tayun da ya kawo, alhali motar daga gwanjon soja ta fito, biyu daga cikin tayun kuma na soja ne na ainihi. Na ga yadda ka ɓata rai sa'ad da na mirgina su gindin bango. A ganinka ciniki na kora. To aje liban nan ɗana, jawo benci, rana ta take, babu mai zuwa yanzu.

Ka dai ga abin da ya sauke. Biyu sirara masu haƙora a gicciye, tayun zare. Biyu faffaɗa na waya, irin na manyan jif ɗin yanzu, sun ɗara na farkon tsawo da kamar yatsa uku. Nufinsa na soja gaba, faffaɗan baya. Ko dukansu sababbi ne fil, ba su zama mota ɗaya. Wagga mota ba ta da abin da ke raba gudu tsakanin gaba da baya. Da ka danna sandar giyar nan mai rawayan kai, ko ka jawo mai jan kai, don tayu huɗu su ja, farfelar gaba da ta baya sun ɗaure, juyi ɗaya suke yi. In tayun baya sun fi tsawo, baya na son wucewa, gaba na riƙe ta. Cikin rairayi ba ka gane komi, taya za ta ɗan zame ta huce. Bisa tsandauri ko kwalta babu wurin zamewa, sai wahalar ta koma cikin giya da shaf. Shaf ɗin baya na waɗanga tsofaffi kuwa, mai tsaga goma, ba ya da haƙuri. Ina yaro kamarka na ɗaura wa wani direba tayu gauraye don ya matsa mani, bai kai Gwadabawa ba munka ji labari shaf ya karye, ga lodin albasa a baya. Maigidana bai taɓa ni ba. Ya dai sa na bi makaniki har can cikin ranar bazara, ina miƙa sifana har anka gama.

Ga kuma batun zare da waya. Ta zare gefenta tauri gare shi, ta waya gefenta na lanƙwasawa, saboda haka a kwana kowace da irin amsar da take ba sitiyari. Ba a haɗa su a aksul ɗaya. Ni ko a mota ɗaya ba ni haɗa su.

Tashi ka duba gefen na sojan, can ƙarshen layin da ya fara da DOT. Lamba nawa ka gani? Uku. Tun shekarar 2000 lamba huɗu ake bugawa, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 2322, mako na 23 na 2022 ke nan. Mai lamba uku kafin 2000 anka yi ta, wato ta girme ka. Sa farcenka ka danna haƙorin, za ka ji shi kamar kofato. Leƙa tsakanin haƙoran kuma, ka ga yadda robar ta daddare kamar lakar fadama a watan Afrilu. Zanen bai ci ba ko kaɗan, shi ya ruɗi Alhaji, amma robar ta mutu tana ajiye. Michelin da kansu cewa sunka yi taya in ta shekara 10 a sauke ta ko da zanenta na nan. Balle a Sakkwato, inda zafi ke wuce 40 a bazara, kwalta kuma ta fi haka. Da can daga Fatakwal da Ikeja tayu ke zo mana, Michelin sunka rufe a 2007, Dunlop sunka bi bayansu. Yanzu komi daga ƙetare, ba ka san daɗewarsa a sito ba, dole ka karanta lamba ko a sabuwar taya mai leda.

To a ce ma sababbi ne. Wanga zane mai haƙora a gicciye tun Yaƙin Duniya na Biyu yake, a ƙafar jif ɗin Willys na sojan Amurka, mai taya 6.00-16. An yi shi ne yadda ko ta wane gefe ka ɗaura daidai ne, babu gaba babu baya, soja ya canza taya cikin duhu ba sai ya tsaya dubawa ba. Ana kuma cewa don kada mai bin sawu ya gane ina mota ta dosa. A laka yana da cizo, wanga gaskiya ne. Amma dubi tsakiyarsa: doro ɗaya santal, babu ƙananan tsagar da ke korar ruwa. Ruwan farko na damina ya sauka bisa kwalta, ka taka birki, motar ta ci gaba da tafiyarta kamar ba da ita kake ba. Cikin rairayi kuma, wanda shi muka fi yawa da shi daga nan har Illela, haƙori haƙa yake yi. Rairayi ba ya son a cije shi, so yake a taka shi a wuce. Shi ya sa tayun hamada, irin Michelin XS, zanensu ba zurfi.

Faffaɗan ma ba su yi ba. Injin wagga mota lita biyu da kwata ne, sitiyarinta ƙarfin damtse, birkinta na ganga ne gaba da baya. Ka ɗaura mata ƙatuwar taya, ka ƙara wa inji nauyi, ka rage wa birki iko, direba kuma ya yi ta kokawa da sitiyari a kasuwar Kara. Sa'an nan wilin ba ya ɗaukarsu. Doguwar Land Rover, mai inci 109, da 7.50-16 ta zo, a wili mai faɗin inci biyar da rabi. Gajerar mai inci 88 da 6.00-16 ta zo. Ana ɗaga ta zuwa 7.50, yana ƙara mata tsawo daga ƙasa, amma sai an sauya wili zuwa na doguwar, kuma agogon gudu zai riƙa nuna ƙasa da gaskiya da kamar kashi 10 cikin 100. In 7.50R16, wato ta wayar, ta yi wuya, 235/85R16 kusan tsawonsu ɗaya, sai dai ta fi son wili mai inci shida ko sama.

Inda yara ke faɗuwa shi ne nan: ka shiga kasuwa ka ce 7.50-16, nan take a mirgino maka, da araha ma. Duba gefe za ka ga 14PR, lambar da ke nuna ƙarfin jikin taya ke nan. Ta Canter ce, ta lodin siminti. Ka sa ta a motar da ba ta kai rabin nauyin nan ba, mai sifirin ɗin ganye, duk gargadar hanya a ƙugun mai mota za ta ƙare, kuma ko ka rage iska ba ta buɗewa cikin rairayi. Mai 8PR ta isa. Mai yawan shiga daji inda ƙayar aduwa da bagaruwa ke zube, ya sa 10PR.

Wilin kuma, ka ga kusoshin da anka dinke shi da su? Na tiyub ne, iska na bin nan ta fita. Ko tiyubles ka saya sai ka sa tiyub, kuma tiyub na tayar waya in tayar ta waya ce. Ka shafa hannu cikin tayar ka ɓamɓare duk wata 'yar takarda da anka manna, don ita kaɗai ta isa ta goge tiyub ta huda shi. Tun da mun zo nan, ka saurare ni da kyau kan wili mai zobe, irin na tsofaffin Land Cruiser. Kada ka taɓa zoben sai ka cire zuciyar bawul iska ta fita ƙarƙaf. In za ka buga iska, kifa shi zoben na duban ƙasa, ka zarga sarƙa, ka tsaya gefe, ka buga kaɗan ka duba ko ya zauna. Zoben nan in ya tashi kai yake cirewa. Ranar da na gan ka tsugune bisa shi da tiyo a hannu, ranar za ka koma gida.

Abin da na tambayi Alhaji kafin ya tafi, kai kana can kana haushi ba ka ji ba, shi ne ina motar za ta riƙa zuwa. Ya ce gonarsa wajen Wurno, sai cikin gari. Kwalta ce mafi yawa, sai rairayi da rani, sai laka in gulbin Rima ya cika. Na ce ya samo 7.50R16 na waya guda biyar, har da safaya, kamfani ɗaya, zane ɗaya, matsakaicin haƙori. In ransa na kan kamannin soja, akwai Michelin XZL da sojan Ingila sunka yi amfani da ita a Land Rover, tana da kwarjinin da yake so kuma ta waya ce, ya dai shirya jin kukanta bisa kwalta. Da motar ta ajiya ce, ta fita ranar hawan Sallah a ɗauki hoto, da na ce ya nemi sababbin masu haƙora a gicciye, babu laifi.

In ya kawo su, da safe za ka auna iska, taya na sanyi. Kada ka rage wa taya mai zafi iska don geji ya hau, hawan na zafi ne, in ta huce zai sauka. Ka gaya masa in rairayi ya riƙe shi ya sauke zuwa fam 18 ko 20, kada ya yi ƙasa da haka, don taya na iya juyawa bisa wili ta tsinke bakin tiyub. Da ya hau kwalta ya mayar. Yanzu ɗauko buroshin waya ka fara kankare tsatsar wilin nan biyar, ka fara da na safaya, shi ya fi lalacewa.