Fijo 504 na ɗigar baƙin mai bayan an yi mata obahol

Tambaya: Salam oga. Ni daga Pantami nake a nan Gombe. 504 ce ta mahaifinmu Allah ya jiƙansa, na kai aka yi mata aikin inji gaba ɗaya, ringi da fistan da gasket duk sababbi, amma kullum da safe sai in tarar da baƙin mai a ƙasa ta wajen giyabos. Makanike ya ce sil ɗin bayan kiranshaf ne, wato abin da ke tare mai kar ya fita ta bayan inji, sai an sake sauke inji. In bari a sauke?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya jiƙan baba. Dan Allah kar ka bari a sauke tukuna. Mai daga sama yake gangarowa, in kana tafiya kuma iskar fanka da ta hanya sai ta kora shi baya, shi ya sa kusan kowace ɗiga a wajen giyabos take taruwa ko da daga can sama ta taso.

Injin 504, irin waɗanda aka riƙa haɗawa a Kaduna tun 1975, a kishingiɗe yake ta gefen dama, toh man da ke cikin tof koba, wato murfin saman inji, a kan gasket ɗin gefen ƙasa yake kwanciya. In yaran gareji sun ɗaure natin da ƙarfin tsiya murfin ya ɗan lanƙwashe, ko sun lafta gam kamar ana shafe ɗaki, wallahi daga nan zai riƙa tsatsa ya bi bayan inji ya sauka daidai inda kake gani. Na sha ganin haka kuma abin yana min ciwo, mutum ya biya kuɗin sauke inji alhali gasket ɗin sama ne kawai.

Ka wanke injin fes da kalanzir da omo, ka bari ya bushe sarai. Sai ka samo hodar jarirai ka barbaɗa a gefen tof koba, da wajen oyil filta, oyil swich, murfin taimin cen da kewayen somp, wato kaskon mai na ƙasan inji. Ka tada ta ta yi zafi kamar minti 15, ka ɗan zaga, ka dawo ka haska da tocila. Za ka ga baƙin layi ya ratsa farar hodar kamar sawun tururuwa, ka bi shi sama har inda ya fara, nan ne ciwon. Ka zare wayoyin fulogi ma ka leƙa ramukan, don a wannan injin ta cikin murfin suke shiga.

Sai kuma bututun numfashin inji, wannan shi mutane suke mantawa. Sabon ringi bai gama zama ba, iska tana ɗan wucewa ƙasa, in bututun ya toshe da tsohon datti ba ta da hanyar fita sai ta tura mai ta sil ko da sabo ne dal. Ka cire ka wanke ka busa ka ji ko iska na wucewa. Ka duba geji kuma mota na tsaye a daidai, kar a ce an zarce alama, wajen lita 4 take ci.

In sama ya fito a bushe amma mai na ɗiga daga tsakanin inji da giyabos, toh nan maganar makanikenka ta fara ƙarfi. Duk da haka ka kula, giyabos ɗin 504 man inji ake zuba masa, wari ba zai raba maka su ba, sai dai launi, na giyabos ya fi haske, sannan a buɗe natin duba man giyabos a ga ko ya ragu. In sil ɗin ne kar ka ja lokaci don zai jiƙa maka kuloch ya fara santsi, kuma ka tsaya a wurin a duba inda sil ke zama a jikin kiranshaf ko ya cinye ya yi rami, in ya yi, sabon sil ma ba zai riƙe ba.

Kafin nan kar ka kama hanyar Bauchi ba ka duba geji ba, ka ajiye lita ɗaya a but.